Yadda Za Ka Shawo Kan Mutanen Jos Cewa Rayuwa Ba Ta Da Ma'ana

Ɗan'uwa, in ka gaji da tambayar "me kake yi yanzu?" a duk bikin da ka leƙa, ka zo inda ya dace. Bi matakan nan yadda na jera su. Na ba ka tabbaci, kafin damina ta ɗauke za ka zama marubuci mai zurfin da ba wanda ya isa ya tambaye shi komai. Sunana Mahdi, na daɗe ina koyar da wannan fanni a bencin mai shayin layinmu. Ɗalibina mafi hazaƙa shi ne Datong na Jos Jarawa, da shi zan riƙa ba ka misali, ka ga inda ya dace da inda ya zame.

Mataki na 1: Gyara fuska

Je gwanjon kasuwar Katako ka sayi doguwar baƙar kwat. Kada ka goge ta. Daina amsa gaisuwa kai tsaye. In an ce maka "Ina kwana?" ka ɗaga kai sama ka ce, "Ina kwanan yake?"

Datong ya fara gwadawa a kan mahaifiyarsa, Mama Firisila. Ta taɓa goshinsa, ta ce zazzaɓi ne, ta ɗura masa ruwan dogon yaro. Ka jure. Tun da aka fara rubutu ba a yi babban marubucin da uwarsa ta gane shi ba.

Mataki na 2: Bar aiki, amma da hujja

Rago ne ke barin aiki haka kawai. Kai da falsafa za ka bari. Datong a shagon katakon Oga Rafiu yake aiki. Wata safiya ya ajiye zarto ya nuna wani falanki.

"Oga, me za a yi da wannan?"

"Gadon jariri."

"Wancan fa?"

"Wani kafinta ne zai yi akwatin gawa."

"Ka gani ko? Daga katako zuwa katako. Na bar aiki."

Oga Rafiu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To, ajiye min makullin shago kafin ka kai katako na biyu."

Mataki na 3: Rubuta abin da ba wanda zai gane

Kada ka rubuta waƙa, za a yi maka amshi. Kada ka rubuta labari, za a tambaye ka yadda ya ƙare. Wasan kwaikwayo za ka yi.

Na Datong sunansa *Ɓawo*. Mutum ɗaya ne, da kujera, da wuƙa, da buhun dankalin turawa. Zai ɗauki dankali ya yi ta ferewa, ya wuce ɓawo ya shiga tsoka, har ba abin da ya rage. Sai ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Ina yake?" Ya ɗauki wani. Haka har buhu ya ƙare. Na tambaye shi me wasan yake nufi, ya ce babu. Na tashi na rungume shi.

Mataki na 4: Rufe ƙofa, kada soyayya ta shigo

A nan ɗalibina ya fara ba ni tsoro. Yana da budurwa, Loyis, malamar firamare ce, ba ta da lokacin wasa. Ta same shi yana atisaye ta ce, "Baba zai shigo daga Barkin Ladi ran Asabar. Ya ce yana so ya ga aikin da kake yi da idonsa. In bai gamsu ba, Datong, ni ba zan saɓa masa ba."

Datong ya gyara kwat ya ce, "Ai auren ma ba shi da ma'ana."

Ta ce, "To." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Amsarsa ta yi kyau. Abin da ya ɓata ta shi ne yadda ya bi Loyis a guje har bakin titi, kwat na jan taɓo, yana cewa, "Ke, tsaya mana, bakina ne ya kuɓuce." Kai kada ka yi gudu. Mai zurfin tunani takawa yake yi a hankali, ko da kuka yake yi.

Mataki na 5: Tantance 'yan kallo

Babban abokin gabarka shi ne mutumin da zai ce ya gane. Garin nan kuwa cike yake da su. Gayyato ɗalibai masu gyaɗa kai kawai. Ban da fasto, ban da ma'aikacin gwamnati, ban da uwarka.

Datong ya samu wani tsohon garejin kanikawa a Nasarawa Gwom. Oga Rafiu ya ara masa bencuna, ya ce yana so ya ga ƙarshen haukan. Loyis kuma ta gayyato duk wanda ta sani, wurin ya cika ba masaka tsinke.

Da farko komai ya tafi daidai, mutane sai hamma suke yi. Can sai wani ma'aikacin sakatariya ya miƙe ya ce, "Wallahi albashinmu ne wannan!" Aka ɗauki tafi. Faston su Loyis ya ɗaga hannu ya ce, "Haka zunubi yake cinye mutum sannu a hankali. Amin?" Aka ce, "Amin!" Mama Firisila kuwa ta ƙura wa buhun ido ta ce, "Au, ashe nan ka kawo shi? Tun jiya nake nema!" Ta aro roba a maƙwabta, ta durƙusa gaban ɗanta tana kwashe abin da yake ferewa, wai a gabanta ba za a yi wasa da abinci ba.

Datong ya ɗaga murya: "Jama'a, ba ya nufin komai!"

Tafin ya ƙaru. Wani a baya ya ce, "Kun ji tawali'u!"

Mataki na 6: In dattijo ya yi shiru, nemi ƙofa

Mahaifin Loyis, Baba Dalyop, manomi ne. Yana bencin gaba, hula a gwiwa, bai yi tafi ba, bai yi dariya ba. Datong yana fera yana satar kallonsa, don ya riga ya sa a ransa ya rasa Loyis. Da ya kai dankalin ƙarshe, "Ina yake?" ɗin da ya faɗa da ƙyar ya fito.

Tsohon ya tashi a hankali, ya je ya kama hannun Datong, ya daɗe yana kallon tafin. Sai muka ga hawaye a idon tsohon.

"Bana dankali na shuka gonata duka," in ji shi. "Ganye ya yi kyau, har mutane na tsayawa kallo. Sai cuta ta sauka. Na bi kunyoyin gonar ɗaya bayan ɗaya ina tonawa, duk inda na sa hannu ruɓaɓɓe ne. Ni kaɗai a gona, abin da na yi ta faɗa ke nan: ina yake? Ko uwar Loyis ban gaya wa ba. Ɗana, kai wa ya gaya maka?"

Lura da kyau, amsar da ta dace ita ce, "Baba, wasan ba shi da ma'ana." Daga inda nake zaune na yi ta nuna masa da baki. Datong ya dube ni, ya dubi Loyis, ya dubi tsohon da ke riƙe da hannunsa. Sai ya durƙusa ya ce, "Sannu, Baba. Ba kai kaɗai ba ne. Baɗi tare za mu tona."

A nan na san na yi asarar ɗalibi.

Mataki na 7: Ɗauki izina

An yi biki. Datong ya koma shagon Oga Rafiu, ran Asabar kuma yana Barkin Ladi da fartanya. Kwanaki na gamu da shi a kasuwa, ya ɗauko bahon wankan jariri a ka, yana sauri.

Na ce, "Datong, yanzu rayuwar ta yi ma'ana ke nan?"

Ya tsaya ya yi ɗan tunani, ya ce, "Gaskiya, Malam, ban sani ba. Ban samu lokacin dubawa ba. Bari in wuce, Loyis na jira."

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan ya ƙare da mata, ko surukin da ke ƙaunarsa, ko wani dalilin tashi da sassafe, shi ya jiyo, babu hannuna a ciki. Ba na karɓar ƙorafi, ba na zuwa suna. Masu tare ni a hanya kuma suna cewa rubutuna ya koya musu darasi, ku ji tsoron Allah ku daina. Ni ba abin da nake nufi.