Ranar da Mayen Ƙarfe Ya Kama Kaka Moutari

"Lafiya lau, sai gajiyar hanya. Ke kuma haka ake tarbar ango, ko ruwa babu?"

"Wane ango? Ni na zaci buhun gawayi aka sauke daga motar Djougou."

Kadidjatou ke nan da kakanta Moutari, a ƙofar sabon Gidan Kimiyya na Parakou. Gwamnatin juyin juya hali ce ta gyara wani tsohon sito ta cika shi da na'urori, don iyaye su kawo yara su taɓa da hannunsu. Ranar ta gwaji ce kafin a buɗe, an kuma gayyaci unguwanni. Kadidjatou aka ɗauka ta riƙa yi wa mutane bayani da Hausa, amma daga Guéma, unguwarmu ta Hausawa, ko mutum ɗaya bai leƙo ba, wai gidan kafirci ne, ana shiga a fito ba salla. Ni da nake aiki tare da ita, na kuma san mutanen unguwarmu, tsoro ne kawai, suka laɓe a bayan addini. Darakta kuwa ya riga ya faɗa mata, in Hausawa ba su zo ba babu amfanin mai bayani da Hausa, ƙauyen kudu za a tura ta koyarwa. Shi ya sa ta aika wa tsohon, wanda ya daɗe yana fawa a Guéma kafin ya koma Djougou, har yau kuma mahauta ba sa tsallake maganarsa.

"Me kake cire takalmi, tsoho? Ba masallaci ba ne."

"To ko gidan boka ai ana cirewa. Ina bokan naku?"

"Kamarad darakta ake ce masa."

"Kowa kamarad. Ɗazu a tasha wani yaro da ko gemu bai yi ba ya ce mini kamarad. Na ce ubanka ne kamarad."

"Sa takalminka dai, kada ƙafafun nan su kori yaran mutane."

"Waɗanne yara? Ni ban ga kowa ba sai ke da kujeru."

Ta ja shi gaban wani lanƙwasasshen madubi, sai ga tsohon da ya bushe kamar sanda ya koma gajere mai tumbi.

"Kin gani? Wannan madubi ya fi ki tarbiyya. Haka nake a da, kafin in aure ki ki bar ni da yunwa."

"Ai ko saniya guda aka dafa maka, wuyan nan ba zai cika ba."

Can gaba akwai keke da aka kafe a ƙasa, in an taka ya ba da kuran, wato wutar lantarki, ƙwan fitila ya kama. Ta hau ta taka, ƙwan ya yi haske.

"Ashe haka kuke samun kuran a birni. Shi ya sa kullum ake ɗaukewa, mai keken ya gaji."

"Hau ka taimaki ƙasa mana, kamarad."

"In na hau, duk fitilun jihar Borgou sai sun fashe. Tausayin gwamnati nake ji."

Daga nan suka iso wurin wani ƙaton dunƙulen ƙarfe da aka naɗe da waya, mayen ƙarfe mai aiki da kuran.

"Nan sai ka zazzage aljihu. Duk abin da yake na ƙarfe a ajiye shi a kwando."

"Ni Moutari? Yarinya, kafin a haifi ubanki na sha maganin ƙarfe. A wasan mahauta wuƙa a cikina take lanƙwashewa. Allura in ta hango ni, ita da kanta take komawa cikin zare."

"Na ji. Cire wuƙar da ke aljihunka."

"Mahauci ba ya rabuwa da wuƙa. Kunna abinki, ki ga yadda zai gaishe ni."

Ta danna maɓallin. Aljihun babbar rigarsa ya tashi da wuƙa da makullai, ya manne a jikin ƙarfen, ya fizgo mai rigar. Tsoho ya ja baya, riga ta ce ba inda za ka. Ya tsaya a karkace, hula ta zamo masa har ido.

"Ga gaisuwar nan, Kaka. Amsa mana."

"Ba kama ni ya yi ba. Ni na riƙe shi."

"To sake shi."

"Sai na ga dama."

"Maganin naka ko ya kwana biyu ne? Ko kuwa mai sayarwa ruwan kanwa ya ba ka?"

"Maganin ƙarfen gida na sha. Wannan na ƙasashen waje ne, ba ya jin Hausa."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Sai dariyar ta yanke, don ta waiwaya ta ga ɗakin fayau, babu yaro ko ɗaya da zai taya ta. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

"Kaka, tsoro nake ji. In aka kai ni kudu, sai shekara ta zagayo kafin in gan ka. Bari in kashe."

"Dakata."

Ta taga yake kallo. A tsallaken hanya, ƙarƙashin mangwaro, mahautan Guéma ne tsaye da yaransu. Sun ji labarin isowarsa, sun biyo su ga yadda zai fito. A gabansu har da Inoussa, wanda tun suna samari suke gasar tauri da shi.

"Kada ki kashe. Je ki gaya musu ƙarfe ya kama Moutari."

"Kaka, sunanka fa. Har Djougou sai an ji."

"Tun suna da baƙin gashi suke jiran wannan rana. Ko gurgu a Guéma sai ya rarrafo ya gani, da mata da yara. In sun shigo kuma, ki sa Inoussa ya matso da tasa wuƙar."

"Dariya za su yi maka har ƙarshen rayuwarka."

"Saura nawa? Sunan da ba zai hana a ɗauke mini mata ba, me zan yi da shi? In kin tafi, wa zan zaga?"

Ya lalubi ɗaya aljihun da hannun hagu, ya zaro ƙunshin kilishi ya miƙa mata yana dariya.

"Ungo, kin ci wannan karon. Kada ki saba."

Ta karɓa, ta share ido da bakin mayafi, ta nufi ƙofa.

"Ke, amarya," ya ce. "Dawo ki gyara mini hula tukuna. In za a gan ni a kame, a gan ni da kyau."