Rasuwar Manhajar da Ta Rufa wa Dogo Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka rasa inda za su danna, Dogo mai haɗa shafukan intanet, na teburin kusa da taga, yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar manhajarsa ta rubutu, wadda ta cika ranar Litinin da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya a hannunsa.

Marigayiya kyauta ta zo wa Dogo. Ko sisi bai biya ba, kuma bai taɓa gajiya da faɗa wa mutane hakan ba. A cikinta yake rubuta CSS, wato bayanin da ke yi wa shafi kwalliya: launi, girman haruffa, tazara tsakanin hoto da hoto. Duk wanda ya zauna da ita ya shaida haƙurinta. In Dogo ya buga harafi biyu, ta ƙarasa masa kalmar. In ya manta lambar shuɗi, wanda kullum ne, ta miƙo masa akwatin launuka a ɓoye, ya zaɓa, ya jingina da kujera yana kaɗa ƙafa kamar shi ya ƙirƙiro shuɗin. A cikinta kuma ya jibge guntayen rubutun da ya kwaso daga shafukan mutane, sai dai ya danna ta liƙa masa. Da wannan ya zama Oga a ofis, kuma ko sau ɗaya ba ta tona shi ba.

Ta daɗe tana jinya. Shekara shida, kowace safiya sai ta yi 'yar ƙararta, “ting”, ta ce, “Akwai sabon zubi, a sabunta?” Kowace safiya Dogo ya danna “Sai gobe”. Wani lokaci ta roƙi ɗan tallafi don bawan Allahn da ya gina ta shi kaɗai. Wannan ko karantawa Dogo ba ya yi. Bawan Allah ya gaji, ya yi watsi da ita, ya kama wata sana'a. Ranar Litinin kwamfuta ta sabunta kanta ba tare da neman izinin kowa ba. Marigayiya ta buɗe, ta yi fari fat, ta rufe. An yi duk abin da likitoci suka sani: an kashe an kunna sau uku, an hura iska, an buga linzamin kwamfuta a teburi. Ta tafi da guntayen nan duka a cikinta.

Ta bar fayiloli ɗari biyu da sha huɗu, babbansu “salo na ƙarshe”, sai ƙannensa “na ƙarshe na gaske” da “na ƙarshe wallahi”. Ta bar shafin wani mai shagon takalma rabi da rabi, hotuna sun taru a gefen hagu, kuma mai shagon zai zo karɓa ranar Laraba. Ta bar Dogo, wanda shi ne abin tausayin.

Iyalai na godiya ga masu ta'aziyya, ko da yake kowa da 'yar takararsa ya zo, wato manhajar da za ta gaji marigayiya, duk na kyauta. Wata Dogo na buɗe ta fankar kwamfuta ta ɗauki ihu. Wata ta ce sai an ƙara mata kaya arba'in kafin ta gane launi. Wata kuwa ya shiga ya kasa fita, sai da aka zare waya daga bango. Mai Tabarau, maƙwabciyar teburinsa, ta zo lallashi ta ce, “Haba Oga, kowace ka ɗauka ai rubutun ɗaya ne. Ba kai ke rubutawa ba?” Nan kukan Dogo ya ƙaru, tsoro ya kama shi sosai, mutane suka ɗauka tsabar ƙauna ce. Uwargidansa ma ta aiko da nata saƙon: “Baban yara, sannu da rashi. Famfon kicin ma ‘sai gobe’ yake sha, ka sa shi a addu'a.”

Za a yi jana'iza ranar Laraba da ƙarfe tara na safe, a teburin kusa da taga. Dogo da kansa zai ja marigayiya zuwa kwandon sharar kwamfuta, kuma in aka tambaye shi ko ya tabbata, ana roƙon a ba shi minti biyu. Kada a zo da sunan wata manhaja, an ƙoshi. Mai takalma zai iso ƙarfe goma. Saboda haka duk wanda ya san yadda ake ajiye hoto a tsakiyar shafi, ya taimaka ya biyo ta ƙofar baya tun ƙarfe takwas, ya zauna kusa da Dogo, ya yi magana ƙasa-ƙasa, in an tambaye shi ya ce gaisuwa ya zo.