Yadda Ake Shanye Mangwaron Maƙwabciya

Ke 'yar'uwa, in kin bi matakan nan, har mangwaro ya ƙare a Dutse bakinki ba zai bushe ba, alhali ko tsiro ba ki taɓa dasawa ba. Likitoci ma sun ce a sha kowane ɗan itace a lokacinsa. Ba su dai ce na waye ba.

1. Zaɓi bishiya, sannan ki zaɓi ƙawa.
Tun tana fure za ki fara gaisuwa. Haka Adda Safiyatu, wata tsohuwa a layinmu, ta yi wa Maman Tina, 'yar Jos ɗin nan mai aiki a sakatariya. Shekara biyu ba ta san ƙofarta ba, amma fure na fitowa sai ga ta: "'Yar nan, ya gajiyar aiki?"

2. Kada ki kalli sama.
Zauna a gindin bishiyar ki yi ta kukan ciwon gwiwa. Wanda ya faɗo, jawo shi da ƙafa ki rufe da zane.

3. Kawo maganar ruwan farko.
Ya nuna amma damina ba ta faɗi ba? To kasuwarki ta buɗe. Adda dafe ƙirji ta yi.
"Tina za ki ba mangwaron da ruwan sama bai wanke ba? Ai zazzaɓi ne tsantsa!"
"To Mama, ya zan yi da shi?"
"Zubo min a kwando. Ni na tsufa, in ma mutuwar ce ta zo kaina."
Sau uku baiwar Allah tana sadaukar da ranta.

4. San inda za ki tsaya.
Da aka yi ruwa, Maman Tina ta fara sha da yaranta. Adda ta kasa haƙuri, ta ce ai ƙamshin nunanne ke kiran macizai, da idonta ta ga wani baƙi naɗe a reshe. Washegari ta zo da babban kwando, ta tarar da Baban Tina da mai zarto, rana fetal a tsakar gida. Maman Tina ta rungume ta:
"Mama, Allah ya saka, kin ceci yarana!"
Ta cika mata kwandon da itacen girki.

A ƙarshe, in an sare bishiya ko cikinki ya ɓaci, kada a ambaci sunana. Ni haƙorana uku, kuma zaren da ke maƙale a tsakaninsu na rake ne.