Yadda Za Ka Zo Na Sha Biyu a Jarrabawar Likitanci

Idan sakamakon jarrabawar shiga makarantar likitanci ya fito, ka duba ka ga bai yi kyau ba, kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Sau uku na zauna jarrabawar nan, sau uku tana kayar da ni, amma har makon jiya ba wanda yake kirana a gidanmu sai da Dakta. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawarin shekara huɗu cur ta girma da mutunci. Abin da zai biyo bayan shekara huɗun, za mu zo kansa.

Mataki na 1: Faɗi jimilla, ka ja bakinka

Jarrabawar kashi uku ce, kowane kashi makinsa daga ɗari uku yake farawa ya tsaya a ɗari tara. Wato ko sunanka kawai ka rubuta ka kifa kai ka yi barci, da maki ɗari tara za ka fito. Wannan sirri ne tsakaninka da masu jarrabawa, kada ya fita.

Ni dubu ɗaya da ɗari huɗu da tamanin na ci. Na shiga falo na faɗa da ƙarfi. Umma, wadda duk jarrabawar da ta sani bisa ɗari ake yinta, ta saki tsintsiya ta dafe ƙirji.

"Dubu? Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Umma."

Kada ka yi ƙarya a nan, ba ka buƙatarta tukuna. Ba wanda zai tambaye ka bisa nawa ne, kai kuma ba a aike ka ka ce bisa dubu biyu da ɗari bakwai ba.

Mataki na 2: Bar su su fassara ƙaramar lambar da kansu

A ƙasan jimilla akwai wata 'yar lamba da ake kira matsayi. Ita ce take nuna mutum nawa ka wuce cikin kowane ɗari da suka zauna. Tawa sha biyu ce. Ma'ana na wuce mutum sha biyu, sauran duk sun bi ta kaina, kuma ina zargin cikin sha biyun akwai masu zazzaɓi.

Babanmu shekara arba'in ya yi yana gyaran sikeli. Ba ya karanta harshen da aka rubuta takardar da shi, amma lamba ba ta ɓace masa. Ya ɗora yatsa a kanta.

"Wannan fa?"

"Matsayi ne, Baba."

"Au, na sha biyu ka zo? Cikin dubban nan?"

A nan sai ka yi tari. Tari ba amsa ba ne, ba kuma wanda zai kama ka da shi gobe. Kafin na gama tarin Baba ya kira ƙanensa a waya.

Mataki na 3: Huɗu ya fi ɗaya, kowa ya sani

Akwai wani sashe na daban da yake auna halin mutum. Za a ce maka abokin aikinka ya ba majiyyaci maganin da ba nasa ba, ya roƙe ka ka rufa masa asiri, me za ka yi? Ni mutum ne mai zumunci, duk inda na ga rufin asiri shi na zaɓa. A wannan sashe rukuni ake ba mutum, daga ɗaya zuwa huɗu, kuma ɗaya ne na gwanaye. Aka ba ni huɗu.

Wannan ma ban sha wahala ba. Umma ce da kanta ta ce, "Huɗun ce ƙarshe? To ai ka cinye duka ke nan."

Mataki na 4: Nemi dalili, sannan ka nemi farar riga

Wata uku zai wuce ba a kira ka makaranta ba, za a fara kallonka. Yanzu ne lokacin ƙarya ya yi, guda ɗaya tak, ƙarama mai ƙwari. Na ce gurbi goma ne kawai suke da shi. Goma ake ɗauka, na zo na sha biyu, wa zai zarge ni? Da na sake zama na samu sha biyar, aka ce kambun baka ne. A karo na uku na samu sha ɗaya, mafi munin sakamakona, Umma ta yini tana kukan saura ƙiris.

Daga nan ka nemi aiki a shagon magani. Aikina goge kanta ne da jera kwalaye, amma mai shagon yana ba mu farar riga, kuma da ita nake dawowa gida ko ana zafin da ƙuda ma ya nemi inuwa. Gwaggona ta fara kawo mini ciwon gwiwarta. Kowace safiya ni nake auna wa Baba hawan jini da 'yar na'urarsa, in leƙa lambar, in rufe ta da tafin hannu, in ce lafiya lau, don na lura ya fi son jin haka.

Mataki na 5: Kada ka yi ƙanwa mai ƙoƙari

Wannan matakin ya kamata ya zo farko, amma ni ma a makare na gane shi.

Auta, ƙanwarmu ta ƙarshe, ta kwashe tsofaffin littattafaina da ban taɓa wuce shafi na ashirin ba, ta cinye su tas. Ta zauna jarrabawar. Ranar Litinin ta kawo takarda falo, Baba ya ce a ba Dakta ya karanta.

Dubu biyu da ɗari huɗu da goma. Matsayi casa'in da uku. Rukuni na ɗaya.

Baba ya ce, "Jimillarta ai ta fi taka."

Ka san me ya fito daga bakina? "Ba jimilla ake dubawa ba, Baba. Matsayi ake dubawa." Wallahi kafin na yi tunani maganar ta riga ta fita, kamar atishawa.

Da ilimin da na ɗauki shekara huɗu ina shukawa a gidan, Auta ta zo ta casa'in da uku, a rukunin ƙasa. Umma ta rungume ta tana cewa ba komai, ba kowa ne yayanta ba. Baba ya ture fom ɗin neman gurbi, wanda sai da sa hannunsa ake karɓa, kuma ranar Alhamis ake rufewa.

"Wanda ya zo na sha ɗaya ma bai shiga ba. Ba zan sa ki a wahalar banza ba, ki nemi wani karatun."

Auta ta san ma'anar kowace lamba a takardar. Ni kawai ta kalla.

Mataki na 6: Idan an ba ka mafita, karɓe ta

Ranar Talata na yi ciwon kai. Ranar Laraba Auta ta same ni a shago ina goge kwalaben maganin tari.

"Yaya, ba sai ka faɗi naka ba. Ka ce musu bana an juya tsarin, babbar lamba ce mai kyau. Kai kana nan a Daktanka, ni in samu sa hannu."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ina aji uku. Bayanin yana bayan takardarka."

Shekara huɗu yarinyar nan tana gaishe ni da Dakta ba ta taɓa ko murmushi ba. Kunya ta kama ni har na ji farar rigar tana yi mini ƙaiƙayi. Amma shawararta babu aibu, kuma ita nake ba ka. Ka ce an juya tsari, kowa ya tsira.

Mataki na 7: Kada ka yi abin da na yi

Safiyar Alhamis na ɗaura wa Baba na'urar awo a hannu, Umma tana zuba shayi, Auta tana tsaye a bakin ƙofa da fom. Na buɗe baki zan ce an juya tsari. Sai na ga tsohon da ya ƙare rayuwarsa yana hana sikeli zaluntar mutane ya miƙo mini hannunsa ya lumshe ido, ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. Maganar ta ƙi fita.

Na ce, "Baba, ni ban taɓa zuwa na sha biyu ba."

Na warware komai, tun daga ɗari taran mai barci har gurbi goman da na ƙirƙira. Na ce cikin kowane mutum ɗari, Auta ta wuce casa'in da uku. Umma ta ajiye buta ta zauna.

"To kukan da na yi na sha ɗayan nan fa?"

"Ya dace, Umma. Dalilin ne kawai ba shi ba."

Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya karɓi fom da hannun da ba a ɗaure ba, ya sa hannu, ya ce wa Auta ta yi sauri kada a rufe. Sannan ya juyo kan na'urar, wadda tafin hannuna ya riga ya rufe saboda sabo.

"Ɗaga hannunka. Wannan lambar ka karanta mini ita yadda take."

Na karanta. Ba lafiya lau ba ce, kuma ta jima ba lafiya lau ba. A ranar na raka shi wurin likita na gaske, aka canza masa magani, ni kuma na tsaya a bayan kujera ina riƙe da hularsa.

Sanarwa

Marubucin nan ba ya ɗaukar alhakin duk abin da ya sami wanda ya bi matakan nan, ko shi, ko ƙanwarsa, ko jinin mahaifinsa. Mai ƙorafi ya haƙura shekara shida ya kai wa Auta, lokacin ta zama likita. Kada a zo gidanmu a ce ana neman Dakta, don ita za a kira. Idan ni ake nema, a ce Yaya, ina shago ina goge kanta.