Ranar da Na Kifar da Kaskon Surukata

Ba zan taɓa mantawa da azumin farko bayan aurena ba, kuma ko na so in manta, gidan surukaina ba za su bari ba.

Aikina a kamfanin wuta shi ne kula da man taransifoma. Man nan ne ke sanyaya ta, shi ke hana wuta tsallake tsakanin wayoyin cikinta. Idan ruwa ko datti ya shige shi, sai ta yi bindiga unguwa ta zauna a duhu, shi ya sa lokaci-lokaci mukan tsiyayi kaɗan mu kai gwaji. A ƙa'ida kwalba ake zubawa. Ni kuwa sarkin dabara, da na manta kwalaben, sai na ɗura na wata taransifomar Hanwa a 'yar jarka. A bayan mashin ɗina kuma akwai irinta sak, ta man gyaɗa, cikin kayan azumin da zan kai wa iyayen matata a Tudun Wada. (Launinsu ɗaya, kada ku yi saurin zagina.)

Na sauke kaya a zaure, na gaida Alhaji kaina a ƙasa, na wuce ofis. Ni fa suruki ne mai kunya ta gaske. Ban taɓa wuce zauren nan ba, ban taɓa haɗa ido da Hajiya ba, ko ruwa ban taɓa sha a gidan ba.

Bayan la'asar ogana ya buɗe jarkar gwaji, ya sansana, ya sake sansanawa, ya tambaye ni tun yaushe taransifomar Hanwa ta fara sana'ar ƙuli-ƙuli. Ashe jarkar man taransifoma na sauke a gidan surukai. Ga lokacin suyar ƙosai ya yi, man nan kuwa guba ne. Wayar matata a kashe (babu wuta a unguwarmu), lambar Hajiya kuwa wane ni in riƙe.

Ban san yadda na ratsa cunkoson Kwangila ba. Babu sallama, takalmi a ƙafa, hular kwano a ka, na faɗa tsakar gida. Hajiya na kan kujera 'yar tsuguno, ko ɗankwali babu, tana jefa ƙullu a mai. Na sunkuci kaskon na kifar a kwata, ƙosai har gindin rijiya.

Ta ja zani ta rufe kai, ta juya wa bango fuska ta ce, "Ku tambaye shi, lafiya?" Alhali daga ni sai ita sai kaji. Na yi bayani ina haki, ni ma bangon nake kallo.

"Ku gaya masa wannan man nawa ne," in ji ta. "Nasa tun safe na ji yana warin gareji, kunya ta hana ni magana, na miƙa wa Alhaji."

Sai ga Alhaji ya fito, wando a nannaɗe, gwiwoyinsa na ƙyalli. Ya ɗauka maganin sanyin ƙashi na kawo masa, har ya sa mini albarka. Da na roƙe shi ya wanke da sabulu maza, sai ya ce, "Ashe ba na gwiwa ba ne? Ni kuwa har na fara jin dama."

Ranar nan da kunu zalla gidan suka yi buɗa-baki, aka kuma hana ni tafiya. Abincina na farko ke nan a gidan surukai, ina sha kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na koyi darasi: mai a kwalba, kwalba da rubutu, kuma suruki komai kunyarsa ya riƙe lambar surukarsa. Har yau idan na kai kayan azumi, sai Hajiya ta aiko zaure a tambaye ni: wannan na ƙosai ne, ko na gwiwar Alhaji?