Janaretan Dakta Ya Tafi Biki

Ranar Laraba na yi awa shida a layin gas da jarka a hannu, ni da ko fitila mai caji ba ni da ita. Maƙwabcina mai faci ya hango ni, ya tsallako titi da gudu.

"Malam, ashe ka sayi janareta ba ka faɗa ba?"

"Ba nawa ba ne," na ce. "Na firjin ƙanwata ne."

"Kifi take sayarwa?"

Sai da na yi masa bayani, kamar yadda zan yi muku. Ƙanwata Dakta ce, amma ba mai allura ba. Aikinta leƙen ƙwayoyin halittar wata cuta da ke kashe tumatir tun yana gona. Shekara tara tana bin gonaki tana tara samfur a ƴan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa ba. Duk suna cikin wani firji mai sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba, kuma in ya yi yini guda ba wuta, shekara tara ta zama ruwa.

Ta rubuta maƙala talatin da bakwai. Masana a duniya kuma sun ambaci aikinta a nasu rubutun sau dubu ɗaya da ɗari takwas da arba'in da uku. A sana'arsu da wannan ambaton ake auna mutum.

"To su masu ambaton nata," in ji mai faci, "ba wanda ke da ko galan ɗaya a cikinsu?"

Na matsa gaba da jarkata.

Kada ku ce hukumar cibiyar binciken da take aiki ba ta damu ba. Wasiƙa goma sha ɗaya ta rubuta tana neman gas, kuma kowace sai da aka buga mata hatimi. Shugaban cibiyar, Mai Girma Sarkin Sa Hannu, da kansa ya rubuta "a duba" a kan ta tara. Ana nan ana dubawa.

Kwatsam sai wani jadawali ya fito, aka ga kashi uku cikin huɗu na duk ambaton da cibiyar ta taɓa samu nata ne. Manya suka farka. Da farko Uban Kwamiti, ransa ya daɗe, ya ce ta kawo takardar shaida daga kowane mai ambato, kwafi bakwai-bakwai. Da aka lissafa masa yawan takardun ya ga ofishinsa ba zai ɗauka ba, sai ya sassauta, aka yanke shawarar a karrama ta ranar Juma'a.

Na kai jarkar da yammacin Larabar. Mai kula da sito ya karɓa hannu bibbiyu, ya ce, "Allah ya kawo ka a kan gaɓa." Na ɗauka ladabi ne.

Ranar Alhamis aka ba Dakta hutun dole, wai ta je ta huta fuskarta ta yi kyau a hoto.

Ranar Juma'a muka hallara, har da Inna da sandarta. Gaskiya an yi ƙoƙari. Rumfa uku, fanka goma sha biyu, lasifikoki masu girgiza ƙirji, da wani ƙaton allo mai haske da ke ta ƙyaftawa da 1,843. An ce tun safiyar Alhamis yake kunne don gwaji. Na ce a raina, ikon Allah, cibiyar da ba ta da gas.

Sarkin Sa Hannu ya hau mumbari. Ya ce tun da ya zo yake ɗora bincike a kan gaba. Ya kira ta masaniyar tumatir da albasa. Yana minti na hamsin sai janaretan da ke bayan rumfa ya yi tari sau biyu. Na ga Dakta ta daskare a kujerarta, don ta san tarin nan kamar yadda uwa ta san na ɗanta. Ta waiga. Ga janaretan firjinta can, har da takardar da ta manna masa da hannunta: KADA A TAƁA.

Ta miƙe. Mai tsara zama ya tare ta yana murmushi.

"Haba Dakta, Yallaɓai bai gama ba. Ba a tashi kafin ya tashi."

Ta ture shi ta ruga, na bi ta. Tun daga baranda muka fara taka ruwa. Ta buɗe firjin, ta sa hannu ciki, ta daɗe ba ta fitar ba.

"Yaya," ta ce, "da ɗumi."

Ta zauna a ƙasa cikin ruwan da sabon ɗinkinta. Rabon da in ga ta yi kuka tun rasuwar Baba, kuma wallahi zuciyata ta ƙone. Daga waje muna jin ana tafi.

Ranar Litinin masinja ya kawo mata saƙo biyu. Ɗaya takardar tuhuma ce, ta yi bayani cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa ta tashi kafin Yallaɓai. Ɗayan allon yabon ne da ba ta tsaya ta karɓa ba, an rubuta ana sa ran ta ninka ƙoƙari baɗi.

Na juya allon na duba shi ciki da bai. Katako ne mai kyau, kuma ba ya buƙatar wuta. A nan kam dole a yaba wa manya, sun yi hangen nesa.