Ranar Da Na Rina Ruwan Iyon Gidan Ɗana

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis ta tsakiyar damina, a gidan ɗana da ke Maitama, ranar da ni da furfurata na shiga aikin da ba wanda ya sa ni.

Ku tsaya in ɗauko muku daga tushe. Ni matar marini ce. Shekara arba'in na yi a Zariya ina kallon yadda maigidana ke haɗa baba da toka a ramin rini, har na kai in na sunkuya na shinshina ruwa, sai in faɗi abin da ya rasa. Da Allah ya yi masa rasuwa, ɗana na fari (ba na kama sunansa, Injiniya nake cewa kamar kowa) ya ɗauko ni ya kawo Abuja ya ajiye. Ajiyewa kuwa ta gaske. In na ɗauki tsintsiya a karɓe, in na doshi kicin a ce, "Kaka, ki huta." Na huta, na huta, har hutun ya gaji da ni.

To a bayan gidan akwai wani ƙaton rami da aka shafe da farin tayil aka cika da ruwa, wai na iyo ne. Abin da ya ɗauki idona launinsa, shuɗi garau. Tun ranar farko na yanke a raina cewa bula suke zubawa, irin wadda muke sa wa fararen kaya. Ban tambayi kowa ba. (Wa zai koya wa matar marini shuɗi?)

Ana nan, ana nan, sai injin da ke juya ruwan ya lalace, sama kuma ta yi ta zuba har mako guda. Ruwa ya koma kore shar, gansakuka ta kama bango, har kwaɗi suka fara kawo gaisuwa. Ga jikata Ummi ta gama sakandare, ta gayyato ƙawayenta walima da iyo ranar Asabar.

Ranar Laraba Sande ya zo. Shi ne mai kula da ruwan, magidanci ɗan Filato, daga Nyanya yake tahowa sau biyu a mako. Ya gyara inji, ya goge bango da buroshi, ya ɗebi ruwa a wasu 'yan kwalabe ya ɗiga magani yana duba launi, sannan ya zuba wani farin gari mai hawa kai, wai kulorin.

"Mama," ya ce da ni, "kar kowa ya taɓa. Magani zai kashe gansakuka, inji zai tace. Kwana biyu, zai dawo daidai."

Na gyaɗa kai. A zuci na ce, bawan Allah ya manta bula.

Safiyar Alhamis ruwa ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa. Ummi ta tsaya a bakinsa tana share hawaye, wai za a yi mata dariya a gaban ƙawaye. Nan zuciyata ta motsa. Na ce yau gidan nan za su san ba kayan ado suka ajiye ba.

Na sa direba ya kai ni kasuwar Wuse, wai sayen goro. Na sayo kanwa, na sayo bula, na ga kamar ba za ta isa ba na ƙara da garin rini. Da rana tsaka, kowa ya fita, na jiƙa su a bokiti na dama da hannuna, na yi bismillah na tuttule. Na ɗauki doguwar sandar buroshin Sande na yi ta juyawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar yadda marigayi yake yi. Wallahi har na ji ƙuruciya ta dawo mini.

Kafin la'asar ruwa ya yi shuɗi. Ya yi shuɗi, jama'a, har ya wuce inda aka aike shi. Ya yi duhu, ya yi kauri, ba a ganin ƙasa, farin tayil ya yi zobe kamar bakin tukunya. Na dubi hannuwana, su ma sun rinu har wuyan hannu. Na sa sabulu, na sa lemun tsami, na sa yashi. Ko gezau. Sai na zura su cikin hijabi na ce sanyi nake ji.

Da safen Juma'a aka taru a bakin ruwa. Har da surukarmu Hajiya Binta, uwar matar Injiniya, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ta zo walima daga Kaduna da tabarau a hanci. Sande ya ɗiga maganinsa ya ɗaga kwalba sama, ya daɗe yana kallo.

"Oga, ruwan nan ya sha wani abu. Ya yi kanwa-kanwa, magani ba zai ci a ciki ba. Kuma wannan kala ba nawa ba ne."

"To na aljanu ne?" in ji Injiniya. "Kai kaɗai ke taɓa ruwan nan. Tattara kayanka, Sande, aikinka ya ƙare a gidan nan."

Mutumin nan mai 'ya'ya huɗu ya sunkuya yana naɗe tiyo. Ni kuwa bakina ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, magana ta ƙi fita. (Allah ya yafe mini wannan shirun, ya fi rinin muni.)

Sai Hajiya Binta ta ce, "Haba, yau Juma'a, a bar rabuwa da fushi. Yaya, ke ce babba, yi mana addu'a kafin ya tafi."

Shekara saba'in ina ɗaga hannu in an ce addu'a. Kafin hankalina ya iso, hannuwa sun riga sun fito. Ga su nan a sama, tafi biyu, shuɗi kamar rawanin da aka tsamo yanzu.

Ba wanda ya ce amin.

Hajiya ta sauke tabarau ta goge ta mayar. Ummi ta dubi ruwa, ta dubi hannuna, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da riƙe ciki. Injiniya ya ce, "Inna..." sai ya shiga kallon takalminsa, don ba a yi wa uwa tsawa.

Sande ne ya matso a hankali. "Mama, kanwa nawa kika sa?"

"Mudu ɗaya," na ce. Ya ci gaba da kallona. "Biyu."

"Kai, Mama! Ko wake ne ai ya dahu."

A gaban suruka da jika na ce, "Ɗan nan, ka yafe mini, na ga ana korarka na yi shiru." Ya ce ba komai. Injiniya ma ya ba shi haƙuri, ya karɓi tiyon da hannunsa ya warware.

Sai da aka zubar da ruwan kaf, aka kwana uku ana gurzar tayil, aka ɗaga walima mako guda. Da sabon ruwa ya kwanta ya yi shuɗinsa garau, Sande ya ɗebo a kofi ya miƙo mini. Fari tas, ba ɗigon launi.

"Kin gani, Mama? Ba a sa masa komai. In yana da tsabta, da kansa yake yin shuɗi."

Yanzu duk zuwansa ni yake miƙa wa 'yan kwalaben in faɗi launi, wai idona ya fi nasa. Sandar dai ya hana ni. Ummi kuma har yau in ta ga shayinta ya yi fari, sai ta ce, "Kaka, ko za ki ɗan gyara mana?"

Abin da na koya da tsufana, in na ga ruwan da ba ni na haƙa raminsa ba, in yi tambaya kafin in dama. In kuwa na riga na dama, to ranar a nemi wani ya ja addu'a.